"Dutse mai rai" a Dakoro: ina gaskiyar take?

Hotunan wani tsiro mai kama da tsagaggiyar tsakuwa suna yawo a Facebook da WhatsApp, ana cewa "dutse mai rai" ne, ba ya son ruwa, a watsa irinsa cikin rairayi kawai a manta da shi. Mutumin Dakoro, inda ruwan shekara yakan tsaya wajen milimita 300 zuwa 400, zai ga kamar don ƙasarsa aka halicce shi. Tsiron dai akwai shi. Sunansa lithops, asalinsa Namibiya da Afirka ta Kudu, kuma William Burchell, Baturen Ingila da ya fara ba da labarinsa, ya tsince shi ne a 1811 yana zaton dutse ne. Amma masu shuɗi mai ƙyalli da launukan bakan gizo da ake tallan irinsu, gyaran hoto ne. Na gaskiya yawanci toka-toka ne, ko ruwan ƙasa, ko kore-kore.

Maganar ba ya son ruwa rabinta gaskiya ce, kuma ɗaya rabin ne ke kashe iri. Babban tsiro yana ajiye ruwa cikin ganyensa biyu masu kauri, kuma idan sabbin ganye suka fara fitowa daga tsagar, ruwan tsofaffin suke tsotsewa har su bushe. Ban ruwa a wannan lokaci ruɓar da shi yake yi. Iri kuwa ba shi da wannan ajiya. Ƙwayarsa ba ta kai ƙwayar gero ba ko kusa, ba a binne ta, a saman rairayi mai laushi ake barbaɗawa, a rufe tukunyar da leda, a ajiye a inuwa mai haske, kada saman ya bushe ko sau ɗaya har ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa uku. Sai bayan watanni ake janye ruwan a hankali, fure kuma sai wajen shekara uku. Wani zai ce, to wa ke yi masa ban ruwa a dajin Namibiya? Ai kwanson irinsa ba ya buɗewa sai ruwa ya jiƙa shi, ɗigon ruwan ne ke fantsamar da ƙwayoyin, idan ya bushe ya sake rufewa. Ko a can, iri ba ya faɗawa ƙasa sai da danshi, kuma mafi yawan 'yan tsiron mutuwa suke.

Abin da masu tallan ba su faɗa shi ne, a nan zafi ne abokin gaba, ba fari ba. Irin yana son digiri 20 zuwa 25 da rana, da dare mai sanyi, don da dare ne tsiron ke buɗe ƙofofin numfashinsa. Bazarar Dakoro a Afrilu da Mayu tana haura 40, dare ma ba ya huce. Damina kuma ga zafi ga laima, wato ruɓa. Ɗan lokacin da ya rage shi ne ɗari, Disamba da Janairu, shi ma sai an kare tukunya daga busasshiyar iskar hunturu.

Mai sha'awar irin wannan shuka ya fi samun biyan buƙata a kariya, tamu ta Sahel, wadda Turawa ke saye da tsada saboda furenta. Ita zafi ke tsirar da irinta, cikin mako guda, sai dai irin yana mutuwa cikin 'yan watanni idan an ajiye shi, saɓanin na lithops da ke shekaru a ajiye. Wadda aka shuka daga iri ce ke yin ƙaton gindi, ta reshe ba ta cika yi ba. Jita-jitar cewa tana da guba kuwa gaskiya ce tsantsa: da ruwanta maharba suka yi dafin kibiya, don haka a nisanta ta da yara da awaki.