Injin ɗaga buhu: na batir ko na gazuwal?

Ƴan uwa manoma, duk wanda ya kai wake ko albasa babbar mangaza ya ga wata ƙaramar mota mai ƙahoni biyu na ƙarfe a gaba. Tana sa ƙahonin ƙarƙashin katakon da aka jera buhuna, ta ɗaga, ta aza cikin kamyo. Faransawa suna ce mata Fenwick. Wadda ke ɗaukar tan 2 tana ɗaga buhu 20 mai kilo 100 a tashi ɗaya.

Akwai mai batir, akwai kuma mai shan gazuwal. In koperatif za ta saya ko ta yi haya, wanne ya dace? A duba inda za a yi aikin.

Cikin mangaza rufaffiya, mai batir ya fi. Ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Injin mai kuwa, cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba, ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Tana sa ciwon kai da jiri, in ta yi yawa tana kisa. Kada a bar injin mai yana aiki a ɗaki marar iska.

Amma mai batir yana da sharaɗi. Yana son daɓe mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe. Cikin rairayi cijewa yake yi. Batir na darma yana shan kamar awa 8 kafin ya cika, kuma sai an bar shi ya huce. Ana ƙara masa tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ba. Zafin bazara yana rage masa kwana. Inda wuta take yawan ɗaukewa, aiki zai tsaya ga masu kamyo suna jira.

A fili kuwa, mai gazuwal ne gwani. Minti kaɗan an cika tanki, ya koma aiki har dare. Sai dai yana son canjin baƙin mai a kan lokaci, da share matatar iska lokacin ƙurar hunturu.

Wajen kuɗi, mai batir ya fi tsada ranar saye, mai gazuwal ya fi ci kullum.

To, kafin a taɓa kuɗin jama'a, a tambaya: a ɗaki ne ko a fili? Akwai daɓe? Wuta tana zama? Akwai makaniki kusa?