Namamajo a Fim: Dabarar da Ke Sa Mu Tausaya Masa

Tun da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a shekarar 2000 gidajen sinima suka mutu, amma kallo bai mutu ba, waya ya koma. A rumfar mai caji a Tungar Daji, ko a Anka ranar kasuwa, za ka tarar da samari biyar sun haɗa kai kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Jarumin kuwa sau da yawa namamajo ne, irin wanda in ya zo zance ƙofar gidanka za ka kora. To me ya sa a fim muke roƙon Allah ya ba shi yarinyar?

Da dariya ake fara saye mu. Ya yi ƙarya an kama shi, ya kira wannan da sunan waccan, ya sha mari. Wanda ya ba ka dariya kuwa da wuya ka riƙe shi a zuci.

Daga nan sai a buɗe maka tabonsa. A Yeh Jawaani Hai Deewani na 2013, Bunny, wanda Ranbir Kapoor ya fito a matsayinsa, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ɗaukar kowace mace da muhimmanci. Can sai a nuna mana mahaifinsa ya rasu yana yawon duniya, ko jana'iza bai samu ba. Shi ke nan, rawar kansa ta zama ciwo, mai kallo ya sauko.

Wanda ya fi fito da dabarar fili shi ne Bachna Ae Haseeno na 2008. Raj ya yaudari Mahi a Suwizalan, ya bar Radhika tsaye da kayan amarci ya hau jirgi zuwa Ostireliya. A can Gayatri, mai tuƙin tasi, ta ƙi aurensa, sai ya ɗanɗani abin da ya shayar da wasu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya neman gafara, har Radhika ta mai da shi yaron aikenta. Nan ne Bahaushe ke kamuwa, domin mun taso da sanin ƙofar tuba a buɗe take. Sai dai a lura, kyamara shi take bi. Shekarun da Mahi ta yi da zuciya a rufe, a 'yan mintuna aka ba mu labarinsu, shi kuma hawayensa har da waƙa.

Ni dai na fi gamsuwa da hanyar Balaraba Ramat Yakubu a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, duk da ba na barkwanci ba ne. Alhaji Abdu ya auro Delu daga bariki, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Balaraba ba ta nema masa wani tabo ba. Labarin Rabi ta bi, tana sayar da abinci don ta riƙe yara, har gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, ya dawo yana neman biko. Na taɓa ba wata gwaggona labarin Raj, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To ita wadda aka bari da lalle fa, wa ya biya iyayenta kuɗin kayan ɗaki?"