Rubutaccen Shiri: Shin Alluran Chaina Na Warkar Da Yagewar Guringuntsin Gwiwa?

Yau maganar gwiwa za mu yi, musamman saboda 'yan ƙwallo da masu motsa jiki.

Ka yanko ƙwallo, ƙafarka na kafe a ƙasa, jikinka ya juya, sai ka ji ƙas a cikin gwiwa. Kashegari ta kumbura, tsuguno ya gagara. Aka yi hoton MRI, likita ya ce miniskus ne ya yage. Kana cikin tunanin tiyata sai wani ya ce ai a Chaina da Koriya allurai kawai ake sossoka wa mutum ya miƙe. To ina gaskiyar take?

Mu fara da miniskus ɗin. Guringuntsi ne mai siffar jinjirin wata, guda 2 a kowace gwiwa, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Shi ne matashin da ke shanye nauyi idan ka taka. Ku riƙe wannan da kyau: jini na isa gefensa na waje ne kawai, kamar kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Idan a nan ya yage, yana iya haɗewa. Can ciki kuwa jini ba ya zuwa, don haka da wuya ya haɗe da kansa.

Shi kuma akufanca, wato soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki, ya daɗe. Bayaninsa na cikin littafin Huangdi Neijing na Chaina, wanda ya haura shekara 2,000. A fahimtar masu wannan ilimi, ciwo na zuwa ne idan jini da wani ƙarfi da suke kira "ci" suka tsaya cak. Don gwiwa, sukan soka allura a 'yan ramuka biyu da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, waɗanda suke kira idanun gwiwa, da wani gurbi a ƙwauri mai suna Zusanli. Suna haɗawa da ɗumama wurin da busasshen ganye, da jiƙon saiwoyi, har da ƙaho mai kama da na wanzamanmu. A Koriya ta Kudu sai mutum ya yi shekara 6 a jami'a ya samu lasisi kafin ya zama likitan wannan fanni, kuma inshorar lafiya ta ƙasa na biyan kuɗin akufanca.

To yana aiki? A 2006 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Jamus kan mutum sama da 1,000 masu ciwon gwiwa na zaizayewar gaɓa. Cikin waɗanda aka yi wa akufanca na gaske, kusan kashi 53 cikin 100 sun samu sauƙi. Waɗanda aka soka wa allura sama-sama a wuraren da ba gurabensa ba, kashi 51. Waɗanda aka bari kan kulawar da aka saba, kashi 29. Kun gani ko? Alluran sun rage ciwo, amma inda aka soka su bai kawo wani bambanci ba. Sannan wannan gwaji kan zaizayewa ne, sakamakonsa bai ce allura na ɗinke yagaggen guringuntsi ba.

Wani zai ce, to ya aka yi wasu ke cewa sun warke? Saboda ciwo ya tafi ba ya nufin yagar ta haɗe. Wani bincike na 2008 a Amurka kan 'yan shekara 50 zuwa 90 ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na masu yagar miniskus a hoto ba su ji ciwo ba a watan da ya gabata. A Finlan kuma, a 2013, an raba mutum 146 masu yagar da shekaru ke kawowa gida biyu: wasu aka datse musu yagaggen wurin, wasu aka yi musu tiyatar jeka-na-yi-ka. Bayan shekara guda, sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne. Ke nan irin wannan yaga sau da yawa haƙuri da atisayen ƙarfafa naman cinya take so, kuma a nan akufanca zai iya taimakawa, ya rage zafi har ka iya atisayen.

Amma matashin da ya murɗe gwiwa a fili, lamarinsa daban. Idan gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa, mai yiwuwa ɓangaren da ya yage ne ya faɗa tsakanin ƙasusuwa. Wannan aikin likitan ƙashi ne, kuma da wuri, tun ana iya ɗinkewa. Haka in ta kumbura sumtum cikin 'yan awanni, ko tana sulluɓe maka, domin jijiyar ciki na iya tsinkewa tare. Watannin da za ka ɓata wajen allura na iya sa a rasa damar ɗinki sai dai a yanke, wanda aka cire wa miniskus kuma ya fi saurin samun zaizayewar gwiwa.

Jiƙo ma a yi hattara. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata da dama sun samu lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka saka wa wata saiwar Chaina mai guba mai suna Aristolochia. Kada ka sha haɗin da ba ka san abin da ke ciki ba, kuma kada a soka maka allura sai sabuwa fil daga leda.

Don haka, 'yan'uwa, a fara sanin wace irin yaga ce kafin a zaɓi magani. Wanda ya taɓa fama da gwiwa ya ba mu labari, mu ƙaru.