Wankin ciki da gazuwal: saƙon da ke cin injin babur

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp tsakanin 'yan kabu-kabu da masu tsofaffin babura, daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, kusan duk garuruwan da ke kan babbar hanya ta 1. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garejin da ya koyi aiki ba, sai dai yana magana da gadara kamar shi ya ƙera injin. Abu huɗu ya kawo. Ya ce a bar inji ya huce kafin a watsa masa ruwa, wannan gaskiya ce. Ya ce baƙin mai in ya yi duhu da wuri to jabu ne, wannan ba haka ba ne, domin aikin man ke nan ya kwashe datti ya riƙe shi. Ya ce fenti mai kauri yana sanyaya inji, alhali haƙarƙarin nan da ke jikin silinda iska suke nema, fenti mai kauri kuwa bargo ne. Na huɗun shi ne mai ɓarna: wai a zubar da baƙin mai, a ɗura gazuwal ko kalanzir, a tada injin ya yi minti goma yana aiki, cikinsa zai dawo sabo fil.

Wanda ya yarda da wannan ba wawa ba ne. Ya sha ganin bakanike ya kwance inji, ya zuba fistan da giya cikin tasa, yana goge su da gazuwal har su yi ƙyalli. To amma a lokacin injin a kashe yake, kayan suna kwance a tasa, babu ƙarfen da ke gugar ɗan'uwansa. Da zarar an tada inji labari ya canja. Fistan yana hawa da sauka sau dubbai a minti guda, kuma abin da ke raba shi da bangon silinda ɗan siririn shafin mai ne kawai. Man 20W-50 da aka saba zubawa a nan ya fi gazuwal kauri sama da sau talatin a zafin digiri 40, kalanzir kuma ya fi gazuwal ɗin tsinkewa. Ruwa-ruwan abu irin wannan ba ya tsayawa tsakanin ƙarfe biyu, matse shi ake yi ya gudu, sai zobba su shiga kankare silinda. A Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma kamfanonin Sin suka kwaikwayi injinsa har ya cika kasuwanninmu, mai ɗaya ne, kusan lita guda, ke hidimar inji da giya da kulochi gaba ɗaya. Ke nan duk abin da ka ɗura, su ukun ne za su sha shi.

Za a ce, ai an gwada, kuma abin da ya fito baƙi ƙirin ne, ga babur yana tafiya. Haka ne, ba kowane inji ke mutuwa ranar ba, shi ya sa ma ƙaryar ke daɗewa. Ɓarnar a hankali take bayyana: bayan 'yan watanni sai hayaƙi mai shuɗi daga salansa, sai shan mai, sai babur ya kasa jan buhu biyu cikin rairayi, kuma a lokacin ba wanda zai tuna da saƙon. Baƙin da ya fito kuwa shaida ce cewa gazuwal yana narkar da datti, ba wanda ya musa. Matsalar ita ce a tsohon inji dattin da ya daskare shekaru yakan ɓanɓaro gutsure-gutsure, ya je ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Sannan gazuwal ba ya fita tas, saura yana maƙalewa a lungu da tsakanin faifan kulochi, ya tsinka sabon man da ka saya da kuɗinka. Ga zafin watan Afrilu na ƙasar Maraɗi da ke wuce digiri 40, ga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi.

Abin takaici, wankin da injin ke buƙata ya fi wannan sauƙi, mai saƙon ne bai sani ba ko bai damu ba. A yi juyen mai injin yana da ɗumi, a maimaita da wuri sau biyu ko uku da mai nagari, a wanke soson matatar iska musamman lokacin hunturu, tunda ƙura ta nan take shiga. A jikin CG da ire-irensa akwai wani murfi a ƙasa ta gefen hagu. In ka kwance shi za ka ga waya mai lanƙwasa da 'yar raga kamar hular yatsa. Wannan ragar ce ake cirewa a wanke da gazuwal a tasa, a bari ta bushe, sannan a mayar.