Shaho a Kan Ƙwai

Kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa, in ji masu iya magana. Sai dai matan Sukukutane sun san shirwa mai sauƙi ce: tana shawagi inuwarta ta riga ta sauka ƙasa, kaza ta yi kuka, ƴan tsaki su ɓuya. Shaho ba ya sallama. Kafin uwar gida ta ce "kai!", tsako ya yi sama.

Ga iri biyu da ake gani a Arewa. Akwai ɗan gida mai jan ƙeya, wanda ke tare da mu rani da damina, yana son duwatsu masu tsayayyen gefe irin na bakin Dallol Mawri, waɗanda Dogon Dutsi ta samo suna daga gare su. Sau da yawa miji da mata ke fita farauta tare, ɗaya ya tayar da kurciya, ɗaya ya cafke. Akwai kuma baƙo mai baƙin kai, da ke zuwa daga Turai bayan kaka ya yi hunturu a nan. Idan wannan ya naɗe fikafikai ya sulmiyo, gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa, kuma ba wata dabba da ta kai shi. Macen ta fi namijin girma, ita ce mai ɗaukar babban nama.

Duk wannan jarumta, shaho bai iya saƙa sheƙa ba. Ɗan gida kan ari tsohuwar sheƙar hankaka, ko kuwa, kamar baƙon, ya share wani lungu a jikin dutse, macen ta zuba ƙwai uku ko huɗu. Kwanci wata guda ne, ƴaƴan kuma sai sun yi kusan mako shida kafin su tashi. A nan rauninsa yake. Mutum ya leƙo daga sama, uwa ta tashi, rana ta gasa ƙwai ko hankaka ya fasa.

Amurkawa sai da suka kusa rasa nasu kafin su farga. Maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwai ya yi laushi har yana fashewa ƙarƙashin uwa. An hana shi a 1972, sai a 1999 aka cire tsuntsun daga jerin masu shirin ƙarewa. Yanzu a gandun Yosemite akan rufe wasu hanyoyin hawan dutse daga 1 ga Maris zuwa 15 ga Yuli, don kada a dami shaho a kan ƙwai.

Ba na jin wannan zai ba Ba'are, mutumin Arewa, mamaki. Ƙasar da ta san dutsen Tunguma mai tsarki na Lugu ta daɗe da sanin wurin da ba a taɓawa. Mu ba mu da masu hawa da igiya don nishaɗi. Masu hawa namu yara ne masu kiwon awaki, ɗan gida kuma da rani yake kwanci, lokacin da ciyawa ta ƙare a ƙasa awaki suka nufi tudu.