Tayar sanyi a ƙasar zafi: Abin da ya kamata mai mota a Abuja ya duba kafin ya biya kuɗi

A ranar Lahadi, 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Rahoton da shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, na wancan lokaci, Boboye Oyeyemi, ya gabatar wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe motar na cikin gudu, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace ta wuntsila. Motar ta alfarma ce, amma tsadarta ba ta hana taya ɗaya kifar da ita ba.

Duk girman mota, abin da ke haɗa ta da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu na roba ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan sitiyari ke juya mota. Duk da haka, akasarin masu mota a Babban Birnin Tarayya abu biyu suke tambaya idan sun je sayen taya a Apo ko Zuba: nawa ce, kuma zanenta da saura? Ba kasafai ake tambayar yanayin da aka ƙera tayar dominsa ba, alhali a nan ne bambancin yake.

Yadda tayar Turai ke ƙarewa a Apo

A da Najeriya na ƙera tayarta. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya dakatar da tasa ta Ikeja a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar da ke yawo a titunan ƙasar daga waje ake kawo ta. Wani kaso sabo ne, daga Sin da Indiya da Tailan da sauransu. Wani kaso kuwa na hannu ne, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam.

Tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da na manyan motoci masu wani girma da aka keɓe domin sabunta zanensu. Amma haramcin bai kawar da su daga kasuwa ba. Wasu ta kan iyaka suke sulalowa, wasu kuma a jikin motocin gwanjo suke zuwa. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara tsadar sabuwar taya, ta ƙara tura direbobin haya da ƙananan ma'aikata wajen ta hannu.

A cikin waɗannan tayoyi na hannu akwai na sanyi, kuma akwai dalilin da ya sa suke ɗaukar ido. A ƙasashe irin su Jamus, masu mota kan sauya taya sau biyu a shekara: su ɗaura ta sanyi wajen watan Oktoba, su cire ta idan gari ya fara ɗumi. Sabuwar tayar sanyi kan zo da zane mai zurfin milimita takwas ko fiye, amma idan ya sauko zuwa huɗu ba ta ƙara kama dusar ƙanƙara yadda ya kamata. A Ostiriya ma doka ba ta ɗaukar ta a matsayin tayar sanyi idan zanen ya gaza milimita huɗu. Saboda haka Bature kan yar da ita da sauran zane. Wanda ya gan ta a Apo sai ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali an sallame ta ne daga aikin da aka yi ta dominsa.

Hunturunsu daban, namu daban

Kalmar hunturu na iya ruɗar mai saye, domin da ita ake fassara sanyin Turai, da ita kuma ake kiran iskar da ke kaɗawa daga Sahara a Disamba da Janairu. Tayar sanyi, wadda aka fara ƙerawa a ƙasar Finlan a 1934, an yi ta ne domin yanayin da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 7. A irin wannan sanyi robar taya ta gama-gari kan sandare, ta daina manne wa kwalta. Shi ya sa ake haɗa robar tayar sanyi ta zama mai taushi, a tsattsaga fuskarta da ɗaruruwan siraran tsage masu lanƙwasa domin su ciji ƙanƙara. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta amfani da ita daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Abuja ba ta san wannan sanyi ba. Ko a tsakiyar hunturu, sanyin asuba yawanci ba ya sauka ƙasa da digiri 12 zuwa 15, kuma kafin azahar zafi ya haura 30. A watannin Fabrairu da Maris da Afrilu yakan kai 35 zuwa 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A Kano da Sakkwato da Maiduguri abin ya fi haka.

Roba mai taushi a kan kwalta mai zafi ƙara laushi take yi. Zanen yakan riƙa lanƙwashewa, mota ta yi lilo a kwana, nisan da take ci kafin ta tsaya bayan an taka birki ya ƙaru, tayar kuma ta suɗe da wuri. Yawan lanƙwasar nan na haifar da ƙarin zafi a cikin tayar. Idan aka haɗa wannan da tsufa da lodi da gudu a doguwar hanya irin ta Lakwaja, an tara duk sinadaran fashewa wuri ɗaya. Araha dai ba ta ado.

Gane ta ba wuya. Mai saye ya duba gefen tayar ko akwai hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, ko kalmomi irin su Winter, Snow, Ice da Studless, ko sunaye kamar Blizzak, Alpin, X-Ice, UltraGrip da Hakkapeliitta. Wasu ma suna zuwa da ƙananan ramuka inda aka cire ƙusoshin da ke kama ƙanƙara. Sai dai hoton dutsen shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin yana jikin wasu tayoyin da ba na sanyi zalla ba. Haka ma haruffan M+S, masu nufin laka da dusar ƙanƙara, suna jikin akasarin tayoyin kowane yanayi. Yawan siraran tsage da sunan tayar su ke tabbatarwa.

Tayar kowane yanayi da tayar zafi

Kamfanin Goodyear ne ya fito da tayar kowane yanayi a Amurka a 1977, domin direban da ba ya son sauya taya sau biyu a shekara. Tsaka-tsaki ce: robarta ta fi ta sanyi tauri, zanenta na korar ruwa, tana kuma jure sanyi mai sauƙi. Yawancin motocin da ake shigowa da su daga Amurka da ita suke zuwa, kuma tana iya aikin yau da gobe a Abuja ba tare da matsala ba, daga Kubwa zuwa Sakatariyar Tarayya ko daga Lugbe zuwa Wuse. Tana da juriya, ba ta da ƙara, ba ta kuma ƙara wa mota shan mai.

Akwai kuma nau'in da Turawa ke kira tayar bazara, wadda sunanta ke sa wasu su zaci ba ta son ruwa. Gaskiyar ita ce an ƙera ta ne domin kwalta mai ɗumi, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, kuma a irin wannan hanya ta fi tayar kowane yanayi kama birki. Rauninta ɗaya shi ne sanyi mai tsanani, wanda babu shi a nan. Yawancin sababbin tayoyin da ake ƙerawa domin kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Kudu maso Gabashin Asiya na wannan rukuni ne, ko da ba a rubuta haka a jikinsu ba. Ga ƙaramar mota da ba ta sauka daga kwalta, zaɓi na gaskiya tsakanin waɗannan biyun yake.

Damina ce ke gwada su. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa kan sauka a Abuja kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta a kan manyan tituna irin su hanyar filin jirgin sama da ta Nyanya zuwa Mararaba. Aikin zanen taya shi ne ya ture wannan ruwa gefe. Idan zanen ya suɗe, tayar sai ta hau kan ruwan ta rabu da kwalta, sitiyari da birki su zama ba su da amfani na wasu daƙiƙu. Mafi ƙarancin zurfin zane da ƙasashe da yawa suka amince da shi shi ne milimita 1.6, kuma kowace taya na da ƙananan tudu a cikin ramukan zanenta da ke nuna wannan iyaka. Mai hankali ba ya jiran a kai can kafin damina.

Tayar burji da kwalta

Abuja ba Maitama da Asokoro ba ce kawai. Yankin na da ƙananan hukumomi shida, kuma a ƙauyukan Kuje da Kwali da Abaji da Bwari da Gwagwalada akwai hanyoyin jar ƙasa da ke zama taɓo da damina, su zama tsakuwa da ƙura da rani. Ko a sababbin unguwannin da ke gefen birni, sau da yawa kwalta kan ƙare kafin a isa ƙofar gida. Manomi mai gona a bayan gari, da injiniyan gini, da ma'aikacin lafiya mai shiga karkara, nan ne tayar burji da kwalta, mai alamar A/T, ke yi musu rana. Zanenta manya ne masu tazara, gefenta ya fi kauri, don haka tana jure dutse da rami, tana kuma fita daga laka.

Amma tana da nata farashin. Ta fi nauyi, tana ƙugi a kan kwalta, tana ƙara shan mai, abin da ba a raina shi tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta yawancinta ba su kai tayar titi saurin tsayawa ba. Wanda ya ɗaura ta a jif ko Hilux domin kwalliya, alhali tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis, yana biyan kuɗin abin da ba ya mora. Irin wannan mota tayar titi mai alamar H/T ta fi dacewa da ita. Ita kuwa mai alamar M/T ta laka ce zalla, ba ta da hurumi a babbar hanya.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Ko wane nau'i aka zaɓa, tayar na ɗauke da takardar shaidarta a jikinta. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ne kacal, an ƙera ta kafin shekarar 2000. Hukumar FRSC ta daɗe tana faɗakar da cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanoni irin su Michelin kuwa na ba da shawarar a riƙa kai ta ga ƙwararre duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya zanenta yake. Roba na tsufa ko da a ajiye take, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta tsufan. Ƙananan tsage a gefen taya alama ce ta robar da ta bushe.

Sai girma da ƙarfi. A rubutu irin 195/65R15 91H, wanda ake gani a jikin Corolla da yawa, 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615, H kuma na nufin an gwada ta har gudun kilomita 210 a awa. Harafin T 190 ne, V kuma 240. Wannan ba izinin gudu ba ne, domin iyakar ƙaramar mota a babbar hanya a Najeriya kilomita 100 ne. Ma'auni ne na yadda tayar ke jure zafi. Tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka na ɗauke da wani ma'aunin a gaban kalmar Temperature, daga A zuwa C, kuma A ce ta fi juriya. Motocin haya irin su Hiace kuwa na buƙatar taya mai harafin C ko LT a jikin lambar girmanta, wadda aka yi domin lodi. Ɗaura musu tayar ƙaramar mota ganganci ne da rayukan fasinja.

Iska ma na da nata hukuncin. Adadin da ya dace na rubuce a jikin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 yake a geji. Babbar lambar da ke gefen tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a dura mata ba, kodayake wasu masu faci da ita suke aiki. Ƙarancin iska na sa gefen taya ya riƙa lanƙwasa yana zafi har ya yage, yawanta kuma na rage kamun ƙasa. Da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya, har da safaya.

Wanda ƙarfinsa bai kai na taya huɗu ba, ya sayi biyu iri ɗaya, kuma masu ƙera taya na ba da shawarar a sa sababbin a baya, domin idan baya ta zame direba ba shi da yadda zai yi da sitiyari. Kada a haɗa ta sanyi da ta zafi a mota ɗaya. Idan kuma ƙaddara ta sa taya ta fashe ana cikin gudu, abin da ake koyarwa shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur a hankali, a bar motar ta rage gudu kafin a taɓa birki.

Sabuwar taya mai matsakaicin farashi, wadda aka ƙera domin ƙasar zafi kuma ba ta daɗe a ajiye ba, ta fi tsohuwar tayar sanyi mai babban suna aminci a hanyar Kaduna cikin watan Maris. Karanta gefen taya ba ya cin minti biyu, kuma mai saye na da haƙƙin ya tsuguna ya karanta kafin ya zaro kuɗinsa.