Ƙasar Giwa: Mu San Inda Muke Zaune

A daren 11 ga Fabrairu 2024, lokacin da Giwayen Kwaddibuwa suka ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a filin Ebimpé, gidajenmu da yawa a Adjamé da Treichville sun rabu gida biyu. Iyaye na jimami, 'ya'ya kuwa na tsalle da tuta a hannu. Wannan dare ya tuna mana abin da muka daɗe muna kau da kai gare shi: yaran da muka haifa a nan, a nan zukatansu suke. To, me muka sanar da su game da ƙasar da suke ɗaga tutarta?

Faɗin Kwaddibuwa ya kai murabba'in kilomita kusan 322,000. Tana iyaka da Gana a gabas, Laberiya da Gini a yamma, Mali da Burkina Faso a arewa, sai teku a kudu. Arewacinta fili ne mai ciyawa irin na ƙasar Hausa, kudancinta kuwa kurmi ne mai yawan ruwan sama. Ƙidayar 2021 ta nuna mutane fiye da miliyan 29, kuma Musulmi sun haura kashi 42 cikin ɗari.

Wannan kurmi shi ya jawo kakanninmu. Tun kafin zuwan Turawa, fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi, su sauka a Salaga da Bondoukou, su koma da goro. Har gobe garin Anyama, a arewa da Abijan, cibiyar cinikin goro ne. Faransa ta mayar da ƙasar ƙarƙashin mulkinta a 1893, da babban birni a Grand-Bassam. Annobar shawara ta sa aka koma Bingerville, daga nan sai Abijan a 1934, sannan Yamoussoukro a 1983. An sami 'yancin kai ranar 7 ga Agusta 1960, kwana huɗu bayan Nijar, kuma Félix Houphouët-Boigny ya mulki ƙasar har rasuwarsa a 1993.

Abubuwa biyu suka ɗaukaka Abijan. Na farko layin dogo na Abijan–Nijar, wanda aka fara a 1904. Ya isa Wagadugu a 1954, bai kai Nijar ba, amma ya kwaso dubban 'yan ci-rani zuwa kudu. Na biyu mashigin Vridi, da aka buɗe a 1950, wanda ya haɗa tafkin Ebrié da teku har manyan jirage suka samu shigowa. Ta wannan tasha ake fitar da koko, wanda ba ƙasar da ta kai Kwaddibuwa nomansa a duniya, da yazawa da roba da auduga. Ɗan kasuwar Adjamé ya san cewa in manomin koko ya samu kuɗi mai kyau, shi ma rumfarsa za ta shaida.

Sai alamomin ƙasa. Tutar tana da launi uku a tsaye: ruwan goro, fari da kore, waɗanda ake fassarawa da filayen arewa, zaman lafiya, da kurmin kudu. Launukan nan su ne na tutar Nijar, sai dai nata a kwance suke, da da'ira a tsakiya, kuma duka biyun an tsayar da su a 1959. Tambarin ƙasa kan giwa ne tsakanin itatuwan kwakwa biyu, ga rana tana hudowa a sama. Haurenta ne ya ba ƙasar suna, ko da yake giwayen da suka rage a daji kaɗan ne. Taken ƙasa kalmomi uku ne: haɗin kai, ɗa'a, aiki.

Ya ku iyaye, ba don jarrabawar lakwal kaɗai muka kawo wannan ba. Rikicin 2002 da na 2010 zuwa 2011 sun nuna mana yadda tambayar “kai ɗan ina ne?” ke iya zama ta rai da mutuwa. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu kuwa zamanmu a nan ya sa mun zama wani ɓangare na tarihin ƙasar. Mu yi wa kowane jariri takardar haihuwa a kan lokaci, mu adana takardunmu, mu koya wa yara Hausa a gida, mu kuma ba su labarin ayarin goro, don su san ba jiya muka zo ba. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.